Tsohuwar Kafireta

Ranar da Makanike ya shigo gida da sabuwar kafireta, yammar ba ta da wani bambanci da sauran yammaci. Rana ta karkata bayan katanga, inuwa ta cinye rabin tsakar gida. Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɗinke maɓallin riga. Matarsa Auta tana kwashe shanya tana ninkewa a kafaɗa. A can ƙarshen gidan, ƙarƙashin rumfar kwano, tsohuwar a-kori-kurar mahaifinsa tana tsaye inda mai ita ya ajiye ta da hannunsa kafin ciwon ajali ya kwantar da shi. Shekaru sun wuce ba wanda ya murza mata makulli. Gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin sitiyari da madubi, kaji ma sun daina kwana a ƙarƙashinta.

Tun suna neman aure ya yi wa Auta alkawarin zai tayar da motar ya koya mata tuƙi. Aka yi aure, aka shekara, aka sake shekara, har ta raɗa mata suna motar alkawari. Sai a 'yan makonnin nan ya ɗaura ɗamara. Kullum ya taso daga gareji sai ya yi mata wani abu: ya sake baƙin mai, ya sake filogi, ya ba tayoyi iska, ya kawo batir. Kafireta kaɗai ta rage, wadda ke gauraya iska da fetur ta shayar da inji. Tsohuwar ta toshe, kuma irinta ta ɓace a kasuwa.

"Me ke cikin kwalin nan kake rungume da shi kamar jariri?" in ji Auta.

"Zuciyar motarki ce."

"Motata? Wadda kaji ma suka yi wa yaji?"

"Yi dariyarki da kyau. Gobe war haka kina riƙe da sitiyari kina kiran sunana in cece ki."

"Inna, ki zama shaida."

"Ni ba ruwana da ku," in ji Inna, ta ciji zare. Ta ɗaga kai ta dubi sama, sannan ta dubi ɗanta. "Amma kai, ka bari sai da safe mana. Magariba ta kawo kai."

"Aikin ɗan lokaci ne, Inna."

Ya ɗaga bonet ya tokare shi da sanda. Ya zare tiyon fetur, ya kwance wayar totur, ya sa sifana ya kwance noti huɗun da ke riƙe da tsohuwar kafireta. Da ya ɗago ta sai ya ji ta da ɗumi a tafin hannunsa, irin ɗumin shimfiɗar da aka tashi daga kai yanzu. Ya tsaya ya dube ta. Bayanta duk ƙura da tsatsa, amma bakinta tas, kamar ana share shi kullum. Ya ce a ransa zafin rumfar kwano ne.

Makanike ba ya jefar da tsohon ƙarfe, haka ya ga mahaifinsa yana yi. Duk abin da ya cire sai ya jiƙa shi a fetur ya bar shi, tsatsar ta saki, wata rana a samu abin mora a jiki. Ya janyo wani tsohon gwangwanin fenti, ya cika shi da fetur, ya nutsa kafiretar a ciki har ta ɓace. Kumfa ta taso, ta yi ta tasowa fiye da yadda ya saba gani. Ya ɗauko murfin, ya ce bismillah kamar yadda yake faɗi a kan kowane abu da zai taɓa, ya danne shi da tafin hannu har ya kama. Ya kai gwangwanin gindin katanga cikin tarkacen ƙarafa, ya ɗora masa wani tsohon ƙarfen birki don kada fetur ya tsere.

Sabuwar ba ta kamfanin motar ba ce, irin ta kasuwa ce da ake ƙerawa don ta hau injuna iri-iri. Ramukanta ba su zo daidai ba, sai da ya sa farantin ƙarfe a tsakani, ya goge bakinsa da magagari. Auta ta tsaya a gefensa tana miƙa masa abin da ya ambata, rabi daidai rabi kuskure, yana gyara mata suna dariya. Da ya gama ɗaurewa ya zaunar da ita a kujerar direba, ya nuna mata makulli.

"In na ce murza, ki murza. Kada ki taka komai."

Ya zuba ɗan fetur a bakin kafiretar, ya rufe shi da tafin hannu don ta zuƙo. Auta ta murza. Injin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kama da wani gurnani da ya girgiza rumfar. Hayaƙi ya cika gidan. Auta ta yi ihun murna tana buga sitiyari. Inna ta ajiye ɗinkinta, ta saurari ƙarar da ta yi shekaru ba ta ji ba, ta sa gefen mayafi ta share ido.

Ana kiran sallar magariba ya kashe motar. Shirun da ya biyo baya ya yi nauyi, har da kukan tsuntsayen yamma babu. Suna cikin alwala sai wani abu ya faɗo a kan rumfar kwano, ƙwal, ya gangara ya faɗi a gindin katanga.

"Yaran maƙwabta," in ji Makanike.

Na biyu ya faɗo. Na uku ya wuce ta gefen kunnen Auta da ƙugi. Ya tsuguna ya ɗauka, sai ya yar da shi da sauri yana yarfe hannu. Dutse ne ƙarami, amma da zafi kamar daga wuta aka tsamo shi. Ya leƙa waje. Layin babu kowa, duk an tafi masallaci.

Tun daga ranar, gidan ya daina sanin yamma mai daɗi. Da rana lafiya lau. Amma da zarar inuwa ta kai bakin rijiya, sai jifa ta fara. Duwatsu, guntayen bulo, tsoffin notuna da ba a san inda suka fito ba. Ba daga waje suke zuwa ba, daga sama suke saukowa, a hankali wani lokaci, kamar ana auna inda za su faɗa. Yawancinsu can gindin katanga suke tafiya, cikin tarkacen ƙarafa, su yi ta buga ƙara har a yi sallar isha'i, sannan su ɗauke. Maƙwabta suka zo suka tsaya suka gani da idonsu. Kashegari ba wanda ya dawo. Matar da ke aiko 'yarta ɗiban ruwa ta daina aikowa.

Sai kuma muryar. Inna ce ta fara jin ta, tana kan sallaya. Muryar tsoho ce, a dishe, daga wajen rumfar, ba da faɗa ba, ba da tsawa ba, kira ne kawai irin na wanda ya gaji da kira.

"Tsohuwa. Tsohuwa."

Inna ta ƙanƙame carbinta har igiyar ta yi mata shaida a yatsu. Ta ɗauka ita ake kira, ta ɗauka lokacinta ne ya yi. Ba ta gaya wa kowa ba sai da ta ga ɗanta ya daskare a tsakar gida da buta a hannu, shi ma yana ji.

Auta ba ta ce ta ji komai ba. Tari ta fara. Da farko ƙarami, irin na wanda ƙura ta shiga masa. Bayan kwana kaɗan ya koma shaƙewa. Tana magana sai numfashinta ya yanke a tsakiyar kalma, ta dafe ƙirji, idanunta su firfito, ta yi ta jan iska kamar mai nitsewa a ruwa. Ya kai ta asibiti da safe, aka saurari ƙirjinta, aka ɗauki hoto, aka ce ba a ga komai ba. A can ɗin ma tana ta zolayarsa, wai ya tayar da mota ya kashe direba. Suna dawowa gida, la'asar na yi, aka koma gidan jiya.

Abin da ya fi tsorata shi wari ne. Ya sunkuya zai ba ta ruwa sai ya ji numfashinta yana warin fetur. Ya ce ko hannunsa ne, ya je ya wanke da sabulu har fata ta yi ja, ya dawo. Warin na nan, daga bakinta yake fitowa. Da ta yi tari a cikin kwano, abin da ya fito ya yi ƙyalli a saman ruwa, launi-launi.

Ya daina zuwa gareji. Ya kan zauna a bakin gado ya ɗora kanta a cinyarsa, yana yi mata fifita da murfin kwali. Wata yamma ta buɗe ido ta dube shi.

"Kada ka bar ni a cikin duhun nan," ta ce.

"Wane duhu? Ga fitila a kunne."

"A rufe yake. Babu iska."

Daga nan ba ta ƙara magana da muryarta ba. Yammar da ta biyo baya, ya fita ɗauko ruwa, ya dawo babu ita a gado. A tsakar gida ya same ta, tana jan ciki a ƙasa kamar wadda ƙafafunta suka mutu, ta nufi gindin katanga. Duwatsu na sauka kewaye da ita ba sa taɓa ta. Ta isa tarkacen ta miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a iska yana rawa, kamar ya ci karo da bango. Ta sake miƙawa, ya sake tsayawa. Sai ta buɗe baki, muryar tsohon nan ta fito daga cikinsa.

"Tsohuwa."

Inna ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta ja mayafi ta fita, ba ta dawo ba sai da Malam na bayan masallaci.

Malam tsoho ne mai ɗingishi, ba ya ɗaga murya ko a wajen karatu. Ya shigo da sallama ya tsaya a tsakar gida, ya dubi duwatsun da suka taru, ya dubi motar, ya daɗe yana dubanta. Ya ce a shimfiɗa tabarma a nan waje, a kwantar da Auta, a lulluɓe ta. Rana ta riga ta faɗi, sauran ja kaɗan a sama. An ɗauke wuta a unguwar. Ya zauna a wajen kanta ya fara karatu a hankali.

Jifa ta tsaya cak. Ko ganye ba ya motsi. Karatun ya yi nisa, jikin Auta ya fara rawa daga yatsun ƙafa, rawar ta hau har wuya. Sai ta tashi zaune, ba tare da ta dafa ƙasa ba. Ta tanƙwashe ƙafafu irin zaman tsofaffin maza, ta ranƙwafa, ta ɗago ido. Makanike ya ja da baya. Fuskar matarsa ce, amma wanda ke kallonsa daga ciki bai taɓa saninsa ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mai gida."

"Mai gidan nan ga shi tsaye."

"Wannan?" Bakin Auta ya karkace. "Na riga matarsa zama a nan. Tun da aka daina taɓa motar can muke ciki, ni da tsohuwata. Ba mu taɓa ɗaukar ko allura ba. Ba mu taɓa tsorata kowa ba. Tambayi uwarsa."

"To me ya kawo ka jikin 'yar mutane?"

"Na yi kira, kurame ne. Na yi jifa ina nuna musu wurin, makafi ne. Na shiga in yi magana da bakinta, harshenta ya ƙi ni, sai yanzu da karatunka ya matso ni sama." Numfashin ya yi ƙugi, warin fetur ya cika wurin. "Tsohuwata makauniya ce, ba ta da ƙarfi. Na sama mata ɗaki a cikin ɗan kwanon ƙarfen nan da ke kan inji, busasshe, babu iska mai sanyi. Na yi tafiya nemo mata magani. Na dawo na tarar da wani baƙon abu yana ƙyalli a wurin ɗakinta."

Hannun Auta ya ɗago a hankali, yatsa ya nuna gindin katanga.

"Ya nutsa ta a fetur. Ya rufe. Ya danne da ƙarfe."

Makanike ya durƙusa. Kumfar nan ta dawo masa a rai, wadda ta yi ta tasowa.

"Wallahi ban sani ba," ya ce. "Jiƙa ta kawai na yi. Haka muke yi."

"Me ya hana ka buɗewa da kanka?" in ji Malam. "Kai da ke ɗaga dutse."

"Da sunan Allah ya rufe. Abin da aka rufe da sunan Allah, irinmu ba ya buɗe shi. Ina jin ta a ciki tana kirana. Tun shekaranjiya na daina jin ta."

Inna ta toshe baki da mayafi. Makanike ya yunƙura zai tashi, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Tsaya. Ba a buɗewa sai an yi magana." Ya juya ga Auta. "In an fito maka da ita, za ka fita daga jikin nan?"

"In tana numfashi."

"In kuma Allah ya karɓi abinsa?"

"Yadda tawa ta shaƙe, haka tasa za ta shaƙe."

"Ni na rufe," in ji Makanike. "Ita ba ta ma san da gwangwanin ba. Ni za ka kama. Ga ni."

Idanun suka juyo kansa, suka daɗe.

"In na kama ka, ai ka huta. So nake ka zauna a waje kana kira ba a amsawa."

"Ai ya riga ya zauna," in ji Malam. "Dube shi da kyau, ka ga ko akwai abin da ya rage ka koya masa. Kuma ka saurare ni, dattijo. Ba da gangan aka yi maka ba, kai ma ka sani. In ka taɓa ran yarinyar nan, ba zan tashi daga tabarmar nan ba sai na ƙone ka ƙurmus. In tsohuwarka na da sauran kwana, ta farfaɗo ta lalubi gefenta, wa za ta samu?"

Kan Auta ya sunkuya. Wani abu ya ɗigo daga idonta ya faɗa kan mayafi.

"Ku buɗe," muryar ta ce, can ƙasa.

"Da kalmar da ka rufe, da ita za ka buɗe," Malam ya ce wa Makanike.

Ya je gindin katanga, Inna na binsa da fitilar waya. Jikin gwangwanin duk ya lotsa da jifa, amma murfin bai motsa ba. Ya ɗauke ƙarfen birkin, ya yi bismillah, ya sa bakin sukudireba ya ɓalle murfin. Ya tura hannu cikin fetur har gwiwar hannu ya lalubo kafiretar. Sanyi ƙalau take, kamar ƙanƙara. Ya kawo ta gaban tabarma ya durƙusa, zai kwance ɗan kwanon da ke jikinta.

"Kada ka buɗe mata ɗaki. Tsiyaye kawai."

Akwai ɗan sukurun tsiyaya a gindin kwanon. Ya sassauta shi, fetur ya zubo baƙi ƙirin, ya koma ɗigo, ya tsaya. Suka saurara. Babu komai. Numfashin Auta ya fara yankewa, tsakanin ja da ja yana ƙara nisa, leɓɓanta suna yin duhu.

"Tsohuwa," muryar ta ce. "Ni ne. Na dawo."

Babu komai.

Makanike bai yi shawara da kowa ba. Abin da hannunsa ya saba yi wa kafireta in ta toshe shi ya yi: ya kafa bakinsa a mashigar fetur ya hura. Ɗacin ya cika masa harshe. Ya hura a hankali, ya tsaya, ya sake hurawa. Ya yi ta yi har kansa ya fara juyawa, yana kallon ƙirjin matarsa ta gefen ido. Sai ya ji abin a leɓensa kafin kunnensa ya ji. Iskar da ya hura ta dawo masa, ɗan kaɗan, da ɗumi. Daga cikin ƙarfen wani ɗan tari ya fito, siriri, kamar na ɗan tsako.

Jikin Auta ya faɗo gaba, hannayenta suka kewaye kafiretar ba tare da sun taɓa ta ba. Muryar tsohon ta yi ta faɗin wasu kalmomi da ba wanda ya gane, a hankali, irin yadda ake lallashin mara lafiya.

"Tana numfashi," in ji Malam. "Cika alkawari."

"Ba a ƙasa zan bar ta ba. Ba ta iya tafiya, ba ta gani. Can kaɗai ta haddace lungunan. Ya mayar mata da ɗakinta inda yake, yadda yake. Noti na ƙarshe na kamawa, na fita."

"Gidan mutane ba wurin zamanku ba ne."

"In ta iya taka ƙasa za mu tafi. Kafin nan kada a tayar da injin."

Malam ya dubi Makanike, Makanike ya dubi Inna. Motar mijinta ce. Ta gyara mayafinta ta matso.

"Ku zauna har ta ji sauƙi. Mai motar bai taɓa sauke mara lafiya a hanya ba."

"Ba jifa, ba kira, ba taɓa kowa," in ji Malam. "Ka rantse."

Muryar tsohon ta rantse. Malam ya ɗora yatsu a wuyan Auta, fuskarsa ta canza. Ya ce wa Makanike, ƙasa-ƙasa, "Jikinta ba zai ƙara ɗaukarsa da yawa ba. Yi sauri."

Duhu ya riga ya rufe. Inna ta riƙe fitila, hasken na rawa a kan injin. Ya zare tiyo, ya kwance wayar totur, ya kwance sabuwar kafiretar da ya kwana yana mafarkinta, ya yar da ita a ƙasa ko kallonta bai yi ba. Farantin ƙarfen ya manne, sai da ya sa sukudireba ya ɓamɓare shi, ya yanke yatsa bai ji ba. Ya ɗauko tsohuwar da hannu biyu, a miƙe, don kada ta karkata, ya zaunar da ita a mazauninta. Ta shiga daidai. Daga bayansa yana jin numfashin Auta, ja ɗaya, sai dogon shiru, sai wani ja.

Noti na farko ya kama. Na biyu ya kama. Na uku ya hau a karkace, ya kwance ya sake. Na huɗu yana can baya, wajen da hannu ke shiga da ƙyar. Yatsunsa sun jiƙe da jini da fetur. Ya kai notin bakin zaren, ya suɓuce. Ya ji shi ya buga ƙarfe sau biyu yana gangarawa cikin injin, sannan shiru. Bai faɗo ƙasa ba.

"Haska nan, Inna. Nan. Ƙasa."

Babu abin da ake gani sai baƙin maiƙo da inuwa. Ya tura hannu ya lalube, ya lalube. Ya saurari bayansa. Shirun bai ƙare ba. Babu wani ja.

"Makanike," in ji Malam. Karo na farko ke nan da aka ji ya ɗaga murya.

Ya tura hannun har kafaɗa cikin duhun da ke tsakanin inji da jikin mota, tafinsa a buɗe, yana kiran sunan Allah. A can ƙasa, inda ko ɓera ba zai juya ba, wani abu ya taɓa shi. Yatsu ne, ƙanana, busassu, masu sanyi. Suka lalubi tafin hannunsa a hankali, suka ajiye notin a tsakiya, suka naɗe masa yatsunsa a kai.

Bai yi ihu ba, don babu iskar yin ihun. Ya zaro hannun, ya ɗora notin, ya murza da yatsu, ya kama da sifana ya ja har ya tsaya.

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake, ta faɗi a gefe. Wata iska ta tashi daga kan tabarmar, ta wuce tsakaninsa da Inna ta kaɗa musu riga, ta shige ƙarƙashin bonet. Sandar da ke tokare da shi ta zame, bonet ɗin ya sauko a hankali kamar ana riƙe da shi, ya rufe ba tare da ƙara ba.

Ya rarrafa zuwa tabarmar ya ɗago kanta. Ƙirjinta ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa, har ƙasa. Ya kai hancinsa bakinta. Babu wari. Malam ya tofa addu'a a ruwa ya shafa mata a fuska, ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, ya ce a ba ta abu mai ɗumi in ta farka, kuma kada kowa ya je wajen rumfar sai da sallama.

Ta daɗe kafin ta buɗe ido. Da ta buɗe, nata ne. Ta dube shi, ta dubi jinin da ke hannunsa, ta kama hannun ta riƙe.

"Ta tashi?" ta ce, muryarta a dishe.

"Wa?"

"Tsohuwarsa. Ina jinsa a cikina duk kwanakin nan. Na ɗauka mugunta ce. Ashe tsoro yake ji."

"Ta tashi," ya ce. "Shi ma ya taimake ni a ƙarshe. Notin ya faɗi, ya miƙo min."

Auta ta dube shi. Sannan ta juya kai a hankali wajen rumfar, inda motar ke tsaye cikin duhu.

"Ai yana jikina a lokacin," ta ce. "Ba shi ya miƙo maka ba."